Gadon da Alƙali Bai Raba Ba

Ranar da aka raba gadon Baba a Birni,
alƙali ya ƙirga ɗakuna, ya ƙirga tumaki,
har wuƙar fiɗar fata da bakinta ya cinye ya sa a lissafi.
Aka shafa fatiha, kowa ya tashi da nasa.
Ba wanda ya ce mini akwai saura
ɓoye a cikin hanta.

Ƙodar da ke kwiɓina ta Barira ce, ƙanwata.
Ta ba ni ita kamar mai ba da aron tabarma,
ta ce, "Mutari, riƙe, ɗaya ta ishe ni."
Sai dai jiki bai san zumunci ba.
Masu gadin jinina sun ga baƙuwa a zaure,
suka ɗauko sanduna.
Dole a ba su ƙwaya safe da dare su yi gyangyaɗi,
baƙuwa ta samu ta tace ruwanta.

A bencin babban asibiti na san Ciroma, direban tankar ruwa.
Tabo ɗaya gare mu, kwalin magani ɗaya.
Shi ƙwaya biyu ta sa hannunsa karkarwa,
shayi na zuba masa a gaban riga.
Ni shida nake haɗiya,
a ɗebi jinina a rasa sawunsu,
kamar an juye buta a kan dutsen Birni da azahar.

Aka fara dubana da wutsiyar ido.
Ko kana tsallake lokaci? Ko sayarwa kake a Dole?
Matata ta rantse ita ke miƙo mini da hannunta.
Gwaggo ta ce sammu ne.

Likita Zuwera ba ta zargi kowa ba.
Ta cika ƴar kwalba, ta naɗe ta da ƙanƙara,
ta ba motar Yamai ta asuba.
Jinina ya yi tafiyar da ni ba ni da ƙarfin yi.
Kwana goma sha tara.

Da amsa ta zo, ta juyo mini fuskar wayarta, ta ce:
"Akwai rubutu a kowace tsoka, tun kana ciki,
rabi na uwa, rabi na uba.
Harafi guda ya raba ka da Ciroma.
Hantarka murhu ce mai cin itace,
tasa tana jan ƙafa, magani ya taru ya zame masa dafi.
Irin taka na da yawa cikin mutanenmu,
amma awon da ke cikin kwalin nan,
jikin wasu aka fi aunawa, can nesa."

Na yi shiru. Ni baduku ne, jikan majema.
Na san fatar jar akuya da ta tunkiya
ba sa shan bagaruwa daidai ko a tukunya ɗaya.
Shekara talatin ina lallashin fatu,
ban taɓa zaton ni ma haka nake ba.

Ta ƙara mini, ta rage wa Ciroma.
Yanzu yana kai kofi baki cike.
Ni kuwa kowace ƙwaya jaka take ci,
na sayar da ɗakin da ya faɗo rabona,
gado na cin gado.

Da dare nakan duba ɗana Ilya yana barci, baki buɗe,
in ce, wane harafi na ba ka ban sani ba?
Ban da abin da zan ba shi haƙuri a kai tukuna.

Ƙarfe takwas.
Barira ta leƙo ta kan katanga, hannu duk ƙullu:
"Kai, ka ba ƙodata abincinta?"
Na buɗe tafin hannu.
Ta ƙirga da ido, sannan ta koma.